Shin Ya Halatta A Bar Mai Araha A Ba Mai Tsada Kwangilar Ginin Gwamnati Don Ya Fi Ɗorewa?

Tambaya:

Ni mamba ne a kwamitin kula da wata makarantar firamare a ƙasar Zuru. Ana shirin gina mana sababbin azuzuwa da kuɗin gwamnati. Wani injiniya ɗan garinmu ya ba da shawara a yi ginin da bulon jan ƙasa wanda ake matsewa da inji, a ɗaga rufi, a sa silin, a sa sola. Ya ce kuɗin farko yana iya ɗarawa kaɗan, amma ajin zai fi sanyi kuma zai fi daɗewa. Wasu cikinmu sun ce wannan almubazzaranci ne da dukiyar jama'a, tunda doka ta ce a ba mai mafi ƙarancin farashi. Wasu kuma sun ce so ake a mayar da mu zamanin ginin laka. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma mene ne hukuncinsa?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya halatta wanda aka damƙa wa dukiyar jama'a ya zaɓi ginin da ya fi tsada ranar farko, idan ya tabbata da lissafi cewa shi ne mafi amfani da sauƙin ɗawainiya a tsawon rayuwar ginin. Wani lokacin ma hakan ne wajibi a kansa. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma ba za ka gane nauyinsu ba sai ka san yadda ginin yake da yadda kwangilar gwamnati take tafiya a ƙasar nan. Malamai ba sa yanke hukunci a kan abin da ba su fahimci surarsa ba, don haka ka yi haƙuri mu bi mas'alar daga tushe.

Abin da masana suke kira gini mai ɗorewa shi ne ginin da ba ya cin kaya da makamashi fiye da kima lokacin yin sa, ba ya cin kuɗin wuta da na gyara bayan an gama shi, yana ba mazauninsa sanyi da haske da iska, kuma ba ya ɓata ƙasar da aka ɗora shi a kai. Da yawa daga cikin dabarunsa ba su da tsada ko kaɗan. Idan aka shimfiɗa dogon ɓangaren gini daga gabas zuwa yamma, tagogi suka kalli kudu da arewa, ranar hantsi da ta la'asar ba za su riƙa dukan cikin aji ba, kuma wannan ba ya ƙara ko kwabo a kan kwangila. Haka yin tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, da barin bakin rufi ya fito sosai ya yi wa bango inuwa, da dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma da ginin. Masu tsadar su ne silin mai tare zafi, da tankin tara ruwan sama, da sola.

Ka san dalilin da ya sa maganar ta taso da ƙarfi a 'yan shekarun nan. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba a yawancin kasuwanni. Ranar 29 ga Mayun wannan shekarar aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da masu kamfanonin siminti aka yi matsaya a kan 7,000 zuwa 8,000. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Siminti kuma ba a Manga ake yin sa ba. Ko daga Kalambaina ta Sakkwato aka ɗauko shi, sai tirela ta sha gas kafin ta iso mana, kuma kuɗin gas ɗin yana cikin farashin buhun. Rodi da kwano ma haka. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Mu nan ƙauye ba ma cikin wannan rukunin, wutar ma sai ranar da ta ga dama, amma manyan asibitoci da jami'o'i da yawa sun shiga, kuma sun koka. Ginin da aka zana shi a kan cewa na'urar sanyaya ɗaki ce za ta cece shi, yanzu ya zama kaya a wuyan mai shi.

Akwai kuma dalilin da duniya take yawan faɗa, wato sauyin yanayi. Masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta zuwa 2060, kuma a Nuwamban wannan shekarar Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Dalili ne na gaskiya, amma a ganina ba shi ne mafi ƙarfi a wurinmu ba. Azuzuwa uku a Manga ba su ne suka ɗumama duniya ba. Dalilinmu yana kusa: yaron da ke zaune ƙarƙashin kwano marar silin da tsakar rana a watan Afrilu, kansa na ciwo, malaminsa ya gaji ya fitar da su gindin bishiya. Idan damina ta zo, ƙarar ruwa a kan kwanon ta hana a ji muryar malami. Guguwar farkon damina kuma, kowa a ƙasar nan ya ga makarantar da ta yaye wa rufi, aka bar ta haka shekara da shekaru. Ke kuma 'yar'uwa mai karatu, kin fi mu sanin halin ɗakin haihuwa a ƙaramin asibiti da dare, babu wuta, babu ruwa, ana haska fitilar waya.

To, ga lissafin, kuma alƙaluman misali ne kawai don ka ga hanyar, ba farashin kasuwa ba ne. A ce gini na farko ya ci 100, na biyu ya ci 115. Na farko duk bayan shekara biyar sai an kashe masa 20 wajen gyaran rufi da yaɓe da daɓe da fenti. Na biyu 8 yake buƙata a daidai wannan lokacin. Bayan shekara 20 na farko ya ci 180, na biyu ya ci 147. Wanda ya dubi ranar farko kawai zai ce ya yi wa jama'a tattalin 15, alhali ya jawo masu hasarar 33, ban da darussan da zafi ya cinye waɗanda ba su shiga lissafi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma ka lura, wannan lissafin yana iya juyewa. Idan ba a yi gini na biyu da ƙwarewa ba, shi ne zai ci 115 kuma ya ci gyara. Saboda haka kada ku karɓi kalmar “mai ɗorewa” daga bakin kowa, ko da ɗan garinku ne, sai ya rubuta maku lissafinsa a takarda ya sa hannu.

Game da masu cewa ana son mayar da ku zamanin laka, ina ganin tsoronsu yana da tushe, kuma bai kamata a yi masu dariya ba. Duk damina muna jin gidajen ƙasa sun rufta, wani lokacin da rai a ciki. Ƙasarmu ta Zuru ta fi arewacin Kabi samun ruwan sama, ga tuddai da ke gangaro da ruwa da ƙarfi. Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa, daga sama da daga ƙasa. Ginin soro na gargajiya yana buƙatar yaɓe akai-akai, kuma gwamnati ba ta san yaɓen shekara-shekara ba. Azara kuma daga giginya ake fasa ta, giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, don haka gina ɗaruruwan azuzuwa da azara ɓarna ce ga daji. Jan bulon da ake gasawa da itace shi ma haka. Sannan ramin da aka haƙi ƙasa idan aka bar shi ya zama kududdufi, sauro ya samu gida, yara su shiga wanka.

Sai dai abin da injiniyanku yake nufi daban yake da tubalin hannu. Ana tankaɗe jan ƙasa, a zuba mata siminti ɗan kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a jiƙa, a matse da inji, a rufe a riƙa yayyafa ruwa na makonni kafin a ɗora. Idan aka yi shi daidai yana da ƙarfi, ba dole sai an yi masa filasta da fenti ba, kuma kaurinsa yana jinkirta shigar zafi, ta yadda zafin azahar ba ya isa cikin ɗaki sai yara sun tashi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera injin buga irin wannan bulon. Sharaɗinsa shi ne a gwada ƙasar wurin kafin a fara, domin ba kowace ƙasa ce ke yi ba, a ɗora shi a kan harsashin dutse ko kankare wanda ya ɗaga sama da inda ruwa ke kwanciya, kuma bakin rufi ya kare bango daga feshin ruwa. Dutse kuwa Allah ya hore mana shi a ƙasar nan.

Gani ya kori ji. A Dandaji, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, an kammala sabon masallacin Juma'a a 2018 da irin wannan bulon, mai ɗaukar kimanin mutum 1,000, bisa zanen Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, aka gyara tsohon masallacin ƙasa aka mayar da shi ɗakin karatu. A Yama, duk a jihar Tawa, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da silin na ƙasa ya bar sarari a tsakani, iska mai zafi tana fita ta nan. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin. A gida kuwa, Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, bakan gizonsa na ƙasa da azara yana nan ana nuna wa ɗaliban zanen gini. Ka kwatanta da bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, da makarantar da ta rufta kan ɗalibai a Jos ranar 12 ga Yulin 2024 aka rasa rai 22. Waɗannan siminti ne da rodi. Siminti ba ya tsare gini daga algus. Mai buga bulon da ke matse buhu ɗaya ya fitar da bulo ninkin abin da ya kamata, bulonsa da yatsa ake murje shi.

Ta fuskar addini ma babu wani aibi da ke rataye da ƙasa, babu wata falala da ke rataye da siminti. Ya tabbata cewa masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa zarbar dabino. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi da irin kayan nan, ya umarci magini ya kare mutane daga ruwan sama ya bar ƙawa mai shagaltarwa. Sayyidina Usman da dukiya ta yalwata ya sake shi da sassaƙaƙƙen dutse da katako mai tsada. Kowannensu ya dubi buƙata da abin hannu. A Kufa ma da kara aka fara gidaje, da gobara ta cinye su Umar ya yi izini a yi da tubali.

Yanzu mu zo ga doka, domin a nan ne kwamitinku ya fi ruɗewa. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, tana aiki a kan ayyukan gwamnatin tarayya da kuma duk aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa ya fito daga tarayya, jihohi kuma suna da nasu dokokin masu kama da ita. Ba ta ce a ba mafi araha ido rufe ba. Cewa ta yi a ba mai mafi ƙarancin farashi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka rubuta, bayan an tantance. Ka riƙe wannan da kyau. Idan takardar talla ta ce bango na bulon jan ƙasa mai ƙarfi kaza, rufi mai silin da sarari kaza, kwano mai kauri kaza, to wanda ya kawo farashin ginin kwano zalla ba ya cikin gasar tun farko, komai arahar sa. Gasar tana tsakanin waɗanda suka yarda su yi abin da aka nema. Wato wurin da ake yanke ko gini zai ɗore shi ne teburin zane da takardar lissafin kayan aiki, watanni kafin ranar buɗe takardun 'yan kwangila. Wanda ya jira ranar buɗewa sannan ya fara jayayya, ya zo fafe gora ranar tafiya.

Kuma gwamnati ba ta rasa takardun da za ta dogara da su ba. A 2017 ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje, zamanin Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine, wadda ta yi magana a kan girman tagogi da inuwarsu, da tare zafin rufi, da irin fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki. A 2017 da 2018 an fitar da umarnin shugaban ƙasa na 3 da na 5 a kan fifita kayan gida da ƙwararrun gida a kwangiloli. A Afrilun 2022 aka fitar da na 11 a kan kula da gine-ginen gwamnati. Har hanyoyin kuɗi an gwada: Jihar Osun ta sayar da sukuk a 2013 ta gina makarantu, tarayya kuma ta fitar da takardun lamunin kare muhalli na naira biliyan 10.69 a Disambar 2017.

To me ya hana? Abubuwa ne da suka sarƙe da juna. Azuzuwan firamare galibi suna zuwa ne ta kuɗin haɗin gwiwa, UBEC ta ba da rabi jiha ta kawo rabi, SUBEB ta ba da kwangila, kuma ana amfani da zane guda da aka riga aka amince da shi, a maimaita shi gari bayan gari. Jami'in da ya bi zanen nan babu mai tuhumarsa ko da ajin ya zama tanda. Wanda ya canza, idan bango ya tsage, shi kaɗai zai amsa tambaya. Sannan kasafin kuɗi ya raba kuɗin sabon gini da kuɗin gyara, na farko yana da mai nema da mai yanke zare da mai ɗaukar hoto, na biyu maraya ne. Wanda ya gina ba shi ne zai biya gyara ba, don haka lissafin shekara 20 bai dame shi ba. Sannan takardun da ake nema a hannun ɗan kwangila, rajistar kamfani da shaidar biyan haraji na shekara uku da ta fansho da sauransu, maginin da ya fi kowa sanin ƙasar Manga ba shi da ko ɗaya. Sai mai takardu ya karɓi aikin a birni, ya cire rabonsa ya sayar wa wani, wannan ma ya cire ya sayar, kafin kuɗin ya iso hannun birkila ya rage abin da ba zai sayi siminti isasshe ba. Idan an yi jinkirin biya kuma farashi ya tashi, ɗan kwangila ko ya gudu ko ya rage kaya.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Inda ake kashe-mu-raba, kason jami'i yana bin girman kwangila ne. Kayan da ake haƙa a bayan makaranta da wuya a yi masu aringizo, domin kowa ya san kuɗin tifar ƙasa. Kayan da aka shigo da su daga waje kuwa, wa ya san farashinsu? Daga nan za ka gane cewa sunan “gini mai ɗorewa” shi ma yana iya zama sabuwar ƙofar sata. Dubi fitilun sola na kan titi da ake kafawa da sunan ayyukan mazaɓu, nawa ne cikinsu ke ci bayan shekara biyu? Hukumar ICPC tun 2019 take bin sawun ayyukan mazaɓu saboda irin wannan. Sola alheri ce, amma batirinta yana mutuwa, zafi kuma yana gaggauta mutuwarsa, kuma ɓarawo yana son ta. Idan kwangila ba ta faɗi irin batirin ba, da garantinsa, da wanda zai canza shi, kuɗin jama'a aka rataye a kan rufi. Da za a tambaye ni, makarantar firamare da ake tashi da azahar ta fi buƙatar silin da tagogi da ruwa da bayan gida na 'yan mata daban, kafin sola. Asibiti ne sola ta zama masa lalura.

Fikihu bai bar wannan babin a buɗe ba. Ƙa'ida ce sananniya cewa tasarrufin shugaba a dukiyar talakawa an ɗaure shi da maslaharsu, kamar waliyyin maraya a dukiyar maraya, ba shi da ikon zaɓar abin da ya fi ƙaranci a amfani alhali mafi amfani yana samuwa. Almubazzaranci kuwa shi ne kashe dukiya inda ba ta da amfani ko fiye da buƙata. Ƙarin kuɗin da ke sayo shekaru da lafiya ba ya shiga cikinsa. Abin da ke shiga shi ne tayil mai sheƙi a ofishin shugaba alhali aji ba silin, da gina abu sau biyu saboda an yi ha'inci a na farko. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya raya masu sana'a da kula da garuruwa da kasuwanni da hanyoyi cikin aikin shugaba. Ba wa maginan gari aiki da koya masu sabuwar dabara yana cikin wannan.

Ita kwangilar gini malamai suna tattauna ta a babin istisna'i da ijara, kuma sharaɗinta shi ne a siffanta abin da za a yi, jinsinsa da gwargwadonsa da wa'adinsa, siffar da ke kawar da jahilci da husuma. Majalisar Fikihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da halaccin istisna'i a zamanta na Jidda a 1992, tare da halaccin sharaɗin tara a kan wanda ya yi jinkiri ba da uzuri ba, kuma a zamanta na Riyad a 2000 ta halatta gasar neman kwangila. Malikiyya sun shahara da lamuntar da masu sana'a abin da ya lalace a hannunsu, don tsare dukiyar mutane. Ibnur Rami, magini ne Bamalike a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, wanda alƙalai suke kiran sa ya duba bango ya ba da shaida. Haɗa baki tsakanin 'yan kwangila, a kawo kamfanoni uku na mutum ɗaya don a nuna an yi gasa, ɗan'uwan najashu ne wanda aka hana. Kyautar da ake ba jami'i saboda kujerarsa kuwa, ƙissar Ibnul Lutbiyya mai karɓar zakka ta isa hujja a kan haramcinta. Dokar 2007 ma ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 a kan irin waɗannan laifuka.

Daga nan sharuɗɗan halaccin suke fitowa. Fifikon ginin mai tsada ya tabbata da shaidar masanin da ba shi da rabo a kwangilar. Idan injiniyanku shi ne zai nemi aikin ko ɗan'uwansa, shawararsa tana nan a matsayin shawara, amma sai an nemi wani ya duba ta. Sannan a rubuta sharuɗɗan a takardar talla tun kafin gasa, kowa ya gani, domin canza ma'auni bayan an buɗe takardu don a fifita wani zalunci ne ko da niyyar ta yi kyau. Kuma kada ƙarin kuɗin ya sa a rage abin da ya fi zama dole. Idan kuɗin azuzuwa huɗu ne kuma yara suna zaune a ƙasa a waje, ba a gina biyu masu kyau a bar rabin yaran a rana ba, a fara da dabarun da ba su cin kuɗi.

Kwamitinku ba shi ne ke ba da kwangila ba a yawancin lokuta, amma yana da abin yi. Ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da SUBEB tun yanzu, ku nemi a duba zanen, ku haɗa da lissafin injiniya. Ku nemi a haɗa makarantu da dama na yankin a aikin buga bulo, domin kawo inji da mai koyarwa saboda azuzuwa uku kaɗai yana da tsada, saboda ashirin kuwa yana da sauƙi, ɗorin kuma a bar wa maginan kowane gari. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020 tana kusa, babu laifi a nemi masananta su taimaka da duba ƙasa. Ku nemi kwafin takardar lissafin kayan aiki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku wannan haƙƙin, kuma ta ba ofis kwana bakwai ya amsa. Idan aiki ya fara, ku ƙirga buhunan da suka shigo, ku duba kaurin kwano da yadda aka ɗaure rufi da bango, ku tabbata an cike ramin da aka haƙa. Matan kwamiti su sa ido a kan bayan gida da ruwa, domin maza sukan manta.

Abu ɗaya kuma ku dage a kansa. A al'ada ana riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ɗan kwangila na tsawon wata shida bayan miƙa gini, don gyara aibin da ya bayyana. Ginin da aka miƙa a Nuwamba, wata shidansa yana cika a Mayu, damina ba ta kankama ba, an sallami ɗan kwangila kafin ruwa ya jarraba rufinsa. Ku nemi a rubuta a cikin yarjejeniya cewa ba za a saki wannan kuɗin ba sai ginin ya ga damina guda cikakkiya, na ƙasa ne ko na siminti.

Allah ne Mafi sani.